Yadda Rana da duniyoyinta suka samu, da yadda aka yi aka sani

Wani malamin kimiyya a ƙaramar sakandare ne ya kawo tambayar. Yana cikin koya wa yara sunayen duniyoyi takwas da ke kewaya Rana, sai wata ɗaliba ta ce me ya sa na kusa da Rana ƙanana ne na dutse, na nesa kuma ƙattai ne na iska? Ta kuma ƙara da cewa, tunda babu mutumin da yake nan lokacin da abin ya faru, ta yaya aka san yadda suka samu? Malamin yana neman amsar da zai iya tsayawa a kanta a gaban aji.

Malam, yarinyar nan ta yi tambayar da ta fi haddar sunaye takwas daraja, ka riƙe ta da kyau. Tambayoyin nata biyu kuwa amsarsu ɗaya ce, domin yadda duniyoyin suka jeru shi ne babbar shaidar yadda suka samu. Maharbi bai ga wucewar barewa ba, amma sawunta yana gaya masa inda ta fito, da inda ta nufa, da ko gudu take yi ko kiwo. Aikin masana falaki ke nan a wannan fage, bin sawu. Kimiyya ba ta shiga maganar wanda ya yi halitta ba, abin da take bi shi ne hanyar da abin ya gudana bisa tsarin da aka ɗora shi a kai. Ka faɗa wa yaran haka tun farko, hankalinsu zai kwanta.

Mu fara da suna, don a nan ake yawan rikicewa. Duk abin da ke ƙyalli a sama da dare tauraro muke ce masa, alhali iri biyu ne. Tauraro na ainihi wuta ce mai haskaka kanta, Ranarmu ma tauraro ce, kusancinta ne ya sa ta fi sauran girma a idonmu. Duniya kuwa ba ta da haskenta, na Rana take aro, kamar yadda Wata yake yi. Zara da muke kira matar Wata duniya ce. Gamzakin da ke fitowa gabas da asuba ma ita ce dai, wani lokaci ta bi bayan Rana da magariba, wani lokaci ta riga ta fitowa. Malamanmu na hisabi sun daɗe da sanin guda biyar da ido ke gani, da sunayensu na Larabci: Uɗaridu wato Makyuri, Zuhura wato Zara, Mirrihu wato Mas, Mushtari wato Jufita, da Zuhal wato Satun. Yuranos sai a 1781 William Herschel ya gano ta da madubin hangen nesa a Ingila. Naftun kuwa a takarda aka fara samunta: an lura Yuranos tana kaucewa daga inda lissafi ya ce a same ta, sai Urbain Le Verrier na Faransa ya lissafa inda mai jan ta yake, Johann Galle ya duba wurin daga Balin a daren 23 ga Satumba 1846, ya kuwa same ta.

Kafin ka ba su labarin asali, fitar da su fili. Ajiye ƙwallon ƙafa a ƙasa, ka ce wannan ce Rana. A wannan ma'auni Duniyarmu ƙwayar gero ce, a nisan mita 24 daga ƙwallon. Mushtari kamar ɗan kanya ce, a wajen mita 120. Naftun ƙwayar wake ce, sai an yi tafiyar mita 700 da ɗoriya. Tauraro mafi kusa da mu bayan Rana kuwa wani ƙwallon ne da za a ajiye a nisan da ya wuce kilomita 6,000, wato ya kusa ninka nisan Kano zuwa Makka sau biyu. Zanen da ke cikin littattafan makaranta, inda ake jera duniyoyi kafaɗa da kafaɗa, yana ɓata wa yara wannan fahimta, ni kam na fi son a fara da fili kafin a buɗe littafi.

To, ga sawun da aka bi. Na farko, kashi 99.86 cikin 100 na nauyin duk abin da ke cikin wannan gida yana jikin Rana. Ɗan abin da ya rage ma Mushtari ce ta kwashe mafi yawansa, don ta ninka sauran duniyoyi bakwai a haɗe sau biyu da rabi. Na biyu, dukansu takwas a shimfiɗe suke kusan a kan layi ɗaya, kamar ƙwayoyi a kan faifai, babu wadda take bi ta saman Rana ta ɓullo ta ƙarƙashinta. Na uku, duk gefe ɗaya suke kewayawa, kuma gefen da Rana kanta take juyawa ne. Na huɗu shi ne wanda ɗalibarka ta hango. Da a ce kowace daga wani wuri ta zo Rana ta kama ta, da kowace ta bi tata hanyar, wata ta gicciye, wata ta yi baya. Da aka ga sun bi tsari ɗaya, sai aka ce lalle daga abu ɗaya mai juyawa suka fito. Immanuel Kant ya kawo wannan tunani a 1755, Pierre-Simon Laplace ya sake kawo shi ta hanyarsa a 1796, sannan Viktor Safronov na Tarayyar Sobiyat ya zauna ya yi lissafin yadda ƙura ke zama duniya a littafinsa na 1969.

Kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, abin da ke nan wani makeken gajimare ne mai tsananin sanyi, mafi yawansa iskar haidurojin da hiliyom, da 'yar ƙura kaɗan a ciki. Ƙurar nan ragowar tsofaffin taurari ce da suka mutu tun kafin a haifi Rana, a cikinsu aka toya ƙarfe da kabon da iskar oksijin. Wani sashe na gajimaren ya yi kauri har ƙarfin janyowa, wanda kowane abu mai nauyi yake da shi, ya rinjayi komai, sai sashen ya fara rushewa zuwa tsakiyarsa. Mutane kan kira wannan ƙarfi maganaɗisu, amma ba shi ba ne. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa ba ya zaɓe, dutse da ruwa da iska duk ɗaya ne a wurinsa.

Gajimaren yana ɗan juyawa a hankali tun asali, kuma abu mai juyawa idan ya tsuke sai saurinsa ya ƙaru. Kana iya nuna musu wannan a aji. Zura zare ta cikin bututun biro, ɗaura ɗan dutse a bakinsa, riƙe bututun ka wulwula dutsen, sannan ka ja zaren ta ƙasa. Da zarar da'irar ta ƙanƙance, dutsen zai ƙara wuta. Haka gajimaren ya yi. Ta sama da ta ƙasa babu abin da ya hana shi faɗawa ciki, amma ta gefe juyin ya tokare, sai ya baje ya zama faifai mai ƙullutu a tsakiya, kamar yadda riga ke buɗewa idan mai rawa yana juyi. Ƙullutun ya yi ta haɗiyar kaya yana matsewa yana zafi, har cikinsa ya kai inda haidurojin ke haɗewa ya zama hiliyom. Wannan ce wutar Rana, kuma yau zafin cibiyarta ya kai digiri miliyan 15. Duniyoyi kuwa daga ragowar faifan aka yi su, shi ya sa suke a shimfiɗe, shi ya sa suke bin gefe ɗaya.

Wannan ya wuce zato, don an ga irinsa da ido. A 2014 tarin na'urorin hangen nesa na ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile suka ɗauko hoton wani jaririn tauraro mai suna HL Tauri, mai nisan tafiyar haske ta shekara 450 ko kusa da haka. Ga faifan ƙura kewaye da shi, ga zobba masu duhu a ciki kamar an bi da tsintsiya. Nemi hoton nan ka nuna wa yaran, ya fi dogon bayani.

Yanzu ga zuciyar tambayar. Wasu malamai kan kwatanta abin da shiƙar hatsi, wai Rana ta hura marasa nauyi nesa, masu nauyi suka faɗi kusa. Kwatancen yana da daɗin ji, amma ba daidai ba ne, kada ka yi amfani da shi. Zafi ne ya yi rabon. Ɗauki murhu: man shanun da ke bakin wuta narkewa yake, wanda ke can ƙuryar ɗaki da hunturu a daskare yake. A cikin faifan, kusa da Rana zafi ya yi yawa, babu abin da zai iya zama ƙwaya mai tauri sai ƙarfe da ma'adinan dutse. Ruwa a wurin tururi ne, tururi kuwa ba ya dunƙuluwa. Amma da an wuce wani nisa, wajen ninki uku na nisan da ke tsakaninmu da Rana, wato tsakanin Mas da Mushtari, sai sanyi ya isa ruwa ya zama ƙanƙara. Masana suna kiran wurin layin ƙanƙara. Can gaba kuma har ammoniya da iskar mitan suna daskarewa.

Abin lura shi ne ƙarfe da dutse kaɗan ne ƙwarai a gajimaren, kayan da ke yin ƙanƙara kuwa suna da yawa. Saboda haka magina na ciki kayan aikinsu kaɗan ne, na waje kuma ga dutse ga ƙanƙara tuli. Ginin kansa iri ɗaya ne ko'ina. Ƙwayar ƙura ta manne da 'yar uwarta, su zama tsakuwa, tsakuwa ta taru ta zama dutse mai faɗin kilomitoci, daga nan ƙarfin janyowa ya karɓi aikin, babba ya riƙa jawo ƙanana. Wanda ya taɓa ganin ana kaɗa nono a gora ya san yadda 'yan ɗigon mai ke haɗuwa har su zama curi guda. A waje curin ya yi saurin girma, ya kai ninkin nauyin Duniyarmu sau goma ko fiye. Da ya kai haka sai ya sami ƙarfin riƙe haidurojin da hiliyom, waɗanda su ne mafi yawa a faifan, ya shiga zuƙarsu ba ƙaƙƙautawa. Mushtari ta fi kowa cin wannan gara, nauyinta ya ninka na Duniya sau 318. Zuhal ta biyo da 95, kuma da yake mafi yawanta iska ce, in aka auna ta da ruwa mudu da mudu, ruwa ya fi ta nauyi.

Garar ba ta daɗe ba. Iskar faifai 'yan miliyoyin shekaru kawai take yi, hasken sabon tauraro da iskarsa su kore ta. Yuranos da Naftun suna nesa, inda tafiya ke da nawa, Naftun ma sai ta shekara 165 kafin ta kewayo sau ɗaya. Kafin su gama girma an kwashe kasuwa, suka tashi da iska kaɗan, mafi yawan jikinsu ruwa ne da ammoniya da mitan a matse cikin zafi. Nauyinsu ninki 15 ne da 17 na Duniya. Na ciki huɗu kuwa ba su taɓa kai girman da za su riƙe haidurojin ba, suka zauna a dutse.

Ginin na ciki ya ɗauki lokaci mai tsawo, miliyoyin shekaru gommai, kuma da karo aka yi shi. Jariran duniyoyi masu girman Wata ko Mas sun yi yawa a wurin, suna gwabzawa suna haɗewa har saura huɗu. Zafin karon da na wasu ma'adanai irin yuraniyom masu rikiɗewa suna fitar da zafi ya narkar da su, sai abin da maƙeran da suka san narkar da tama suka sani ya faru: ƙarfe ya nutse ƙasa, kashinsa ya taso sama. Shi ya sa cibiyar Duniyarmu ƙarfe ce da nikel, dutse kuma yana lulluɓe da ita. Bayanin da ya fi ƙarfi game da Wata ma daga nan ya fito. Wani jariri mai girman Mas ya daki Duniya tana ƙarama, ɓaraguzan da suka fantsama suka taru suka zama Wata. Duwatsu kilo 382 da 'yan sama jannatin Apollo suka kawo tsakanin 1969 da 1972 sun nuna kayan Wata sun yi kama da na saman Duniya matuƙa, ga shi kuma ƙarfen cibiyarsa ɗan kaɗan ne. Har yau yana ja da baya daga gare mu, santimita 3.8 duk shekara. Yuranos ma a kishingiɗe take kewaya Rana, ta karkata da digiri 98, kuma galibin masana suna ganin wani babban karo ne ya kwantar da ita.

Ina so ka tsaya a kan Zara idan ka zo wurinta, domin tana koyar da abin da nisa kaɗai ba ya bayyanawa. Girmanta kusan ɗaya da Duniyarmu, kayan gini iri ɗaya. Makyuri ta fi ta kusa da Rana, amma Zara ta fi zafi, digiri 465 dare da rana, zafin da ke narkar da dalma. Dalili shi ne bargon iskar kabon dayoksaid da ya lulluɓe ta, kashi 96 cikin 100 na iskarta, mai nauyin da ya ninka namu sau 90 da wani abu. Zafi ya shiga, ba ya samun fita. Makyuri kuwa ba ta da bargo, da rana digiri 430, da dare 180 ƙasa da sifili. Kumbon Venera 13 na Sobiyat da ya sauka a Zara a 1982 minti 127 ya yi yana aiko da bayani kafin ya mutu, kuma wannan ma ya wuce abin da maƙeransa suka yi tsammani. Duk lokacin da na ga Gamzaki da asuba, fari tas, mai sanyin kallo, sai na tuna abin da ke ƙarƙashin wannan gajimare nata.

Tsakanin Mas da Mushtari akwai zoben duwatsu. Yara sukan ji ana cewa wata duniya ce ta fashe, amma ba haka ba ne, duniya ce da ba a bari ta ginu ba. Jan Mushtari ya riƙa hargitsa duwatsun wurin, suna karo da ƙarfin da ke farfasawa maimakon haɗewa, da yawa kuma aka yi jifa da su waje. Duk abin da ya rage a zoben bai kai kashi 5 cikin 100 na nauyin Wata ba. Babbansu ita ce Ceres, mai faɗin kilomita 940, wadda Giuseppe Piazzi ya gano a Palermo ranar 1 ga Janairu 1801. Ana kyautata zaton wannan hargitsin ne ya rage wa Mas abinci, ta tsaya a kashi ɗaya cikin goma na nauyin Duniya.

Kada kuma ka koya musu cewa kowane tauraro haka gidansa yake. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata ƙatuwar duniyar iska tana kewaya tauraron 51 Pegasi cikin kwana huɗu kacal, wato kusancinta da tata ranar ya fi na Makyuri da Ranarmu ƙwarai. Ba za ta iya ginuwa a wurin ba, sai dai ta ginu a nesa ta gangaro. Daga nan aka ɗauki maganar ƙaurar duniyoyi da muhimmanci, aka dawo aka duba namu gidan, aka ga alamun su ma ƙattanmu sun motsa, musamman Naftun da ta matsa waje tana tura ƙanƙarar da ke gabanta. Yau an san duniyoyi sama da 5,000 a wasu taurari.

Fuluto, wadda a da ake lissafa ta a matsayin duniya ta tara, ɗaya ce daga cikin wannan ƙanƙara ta bayan Naftun. An gano ta a 1930, faɗinta kilomita 2,377, Watanmu ma ya fi ta. Da aka fara samun 'yan uwanta daga 1992, har aka sami Eris a 2005 wadda ta fi ta nauyi, sai ƙungiyar masana falaki ta duniya ta zauna a birnin Prague a Agusta 2006 ta sa ta cikin rukunin ƙananan duniyoyi. Ba ta ɓace ba, rukuni aka sauya mata.

Saura shekaru. Ta ina aka samo biliyan 4.6? Daga duwatsun da ke faɗowa daga sama. Yuraniyom yana rikiɗewa ya zama dalma a kan ƙa'idar da zafi ko sanyi ba sa sauyawa: irin da ake kira 238, rabinsa yana juyewa cikin shekara biliyan 4.47. In ka auna yawan yuraniyom da ya rage a cikin ƙwayar dutse da yawan dalmar da ya haifa, ka san tun yaushe ƙwayar ta daskare. Duwatsun Duniya ba sa ba da farkon labari, don ƙasa tana narkar da nata tana sabuntawa, mafi tsufan abin da aka samu 'yan ƙwayoyi ne daga Jack Hills a Ostareliya masu shekara biliyan 4.4. Amma duwatsun zoben can ba su shiga wannan tukunya ba. Clair Patterson ya auna irinsu a 1956 ya sami biliyan 4.55. A Fabrairu 1969 wani babba ya faɗo a Allende ta ƙasar Meziko, cikinsa da fararen ɗigo-ɗigo masu alli da alminiyom, irin abin da ke fara daskarewa a wuta mafi zafi. Irin waɗannan ɗigon su ne mafi tsufan abin da aka taɓa aunawa cikin kayan da suka samu a gidan nan, shekara biliyan 4.567. Ɗakunan bincike daban-daban, da ma'adanai daban-daban, suna komawa kan wannan adadi.

Irin wannan shaida har a ƙasarmu ta sauka. Ranar 3 ga Afrilu 1984 dutse ya faɗo a yankin Gujba, cikin jihar Yobe ta yanzu, cike da ƙwallayen ƙarfe, kuma bincike ya nuna daga tururin karon wasu jarirai biyu ya samu, 'yan miliyoyin shekaru bayan farawar komai. Kafin shi, ranar 3 ga Oktoba 1962, wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Da aka auna shi sai aka ga shekarunsa wajen miliyan 180 ne kawai, yaro ne ƙwarai a cikin duwatsun sama, kuma daga narkakken dutsen aman wuta ya daskare. Wannan ya nuna daga wata duniya ya fito mai girman da cikinta zai daɗe da zafi. A 1995 aka sami iska a kulle cikin wasu ƙananan aljihunan gilashi a jikinsa, aka gwada ta da iskar da kumbunan Viking suka auna a Mas a 1976, suka dace. Wani abu ne ya daki Mas kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce, ya ɓantaro shi, ya yi ta kewaya Rana har ya ƙare a gonar Bakatsine. A 1996 aka ɗauki ɗan ɓarɓashinsa aka sa a jikin kumbon Mars Global Surveyor, wanda ya isa Mas a Satumba 1997 ya shiga kewaya ta.